Jibin Alƙali

Shafi na 17

Masu cewa shafin da ya wuce ya yi gajere, an ji. Ga wannan. A daure a kai ƙarshe kafin a fara zagin mutanen ciki.

*

Da an sallami mara lafiya na ƙarshe ranar Asabar, Likita takan juya kujerun ɗakin jira su fuskanci juna, ƙungiyar karatu ta zauna a ƙarƙashin allon gwajin ido. Su huɗu ne. Da can sun fi haka, amma littattafai masu kauri sun tace su.

Littafin wannan makon shi ne *Fasinjan Jiya*, wanda yanzu ko a layin banki ka tsaya sai ka ga wani riƙe da shi. Marubucin bai sa sunansa ba, Wani Mai Jira kawai ya rubuta a bango. Labarin wani tsoho ne da ya ƙera injin komawa baya, ba don ya ga sarakunan da ba, ba don ya hana wani yaƙi ba. Wuni guda yake nema a tashar jirgin ƙasa, ranar da ɗansa ya ce zai jira shi. Duk komawar da ya yi, benci yake tararwa babu kowa.

"Ni dai ku fara gaya mini abin da injin nan yake ci," in ji malamin kimiyyar da suke kira Ƙa'ida. Tun kafin ya zauna ya fara. "Agogon bango, kujerar aski, batirin mota. Shi ke nan wai mutum ya tafi shekara goma sha biyu baya. Ni batirin motata makaranta ma bai kai ni ba jiya."

"Kai dai Allah ya shirye ka," in ji Anti Hawaye, mai shagon labule, wadda ba a taɓa karanta littafin da bai sa ta kuka ba, har da wani na kiwon kaji. "Mutum yana neman ɗansa, kai kana neman batir."

"Anti, in babu batir ba zai je ba."

"Ai ya je."

"A takarda ya je."

"To da a ina kake so ya je?"

Lauya ta gyara tabarau. Ita ba ta shiga gardama sai ta ga an gaji, sannan ta zo da nata a jere.

"Abin da na yaba masa, hannunsa," ta ce. "Ba ya ƙara kalma. Jimlarsa kamar hukunci take, ya faɗa, ya sa aya, ya tashi. Ko wane ne, ya saba a yi shiru in yana magana."

Likita ta ɗan motsa a kujera.

"Abin da ban yafe masa ba kuma, matan ciki. Matar tsohon ta mutu tun shafi na biyu, don kada ta dame shi. 'Yarsa kuwa, ita ta tuƙa shi zuwa tasha, ta zauna da shi wuni guda a kan benci, ta sayo masa ruwa. Kalma nawa aka ba ta a littafin? Biyu. 'Mu tafi.'"

"Wataƙila ba mai surutu ba ce," in ji Likita.

"Wataƙila ba a tambaye ta ba ne."

"Ni na tsane ta," in ji Anti Hawaye. "Mene ne na 'mu tafi'? Da an bar tsoho ya ƙara ko da awa ɗaya."

"Duhu ya yi, Anti," in ji Likita. "Ai dole. An fara kulle ƙofar tashar."

"A ina aka ce an fara kulle ƙofa? Ni ban gani ba."

Likita ta kai kofin shayi baki. Gaskiya ne, ba a ce ba.

Ita a babi na takwas ta tsaya, kuma ba don aiki ya yi mata yawa ba, kamar yadda ta gaya musu. Tun babi na uku take karatun da ƙyar, wurin da tsohon ya zauna a benci rungume da takalman ɗansa a cikin jakar takarda, saboda yaron da silifa ya bar gida. Ta san jakar nan. Ita ta miƙa wa mahaifinta ita daga bayan mota, ranar da suka je tarbar ƙanenta, Ɗan Kaka, suka wuni bai zo ba. Su biyu ne a bencin. Ita kuma ba ta rubuta littafi ba.

Sai dai duk lokacin da tunanin ya zo sai ta yi dariya ita kaɗai. Baba? Tsohon alƙalin da ya kori ɗansa saboda ya bar karatun shari'a ya koma rubuta labaran mutanen da ke zuwa wata? Shi da ya ce irin waɗannan littattafan ƙarya ce aka yi wa bango? Ta gaya wa kanta cewa duk uban da ke jira dole ya riƙe wani abu a hannu, kuma takalmi ba na gidansu ba ne su kaɗai.

"Duk wannan wasa ne," in ji Lauya. "Ku buɗe babi na tara."

"Yawwa!" Ƙa'ida ya buga cinya. "Na zaci ni kaɗai na gani."

"Kai kaɗai? Mutane sun rabu gida biyu a kansa a intanet. Akwai 'yan da-gangan-ne, akwai 'yan kuskure-ne. Jiya wani ya fita daga wani zaure saboda shi, ya ce an zagi iyayensa."

"Ban kai nan ba," in ji Likita. "Me ya faru?"

"Saurara." Lauya ta buɗe wurin da ta naɗe kunnen takarda, ta karanta da muryar kotu. "'Ranar Litinin ya kira. Ya ce: zan jira a tasha jibi, in na ga wani daga gida in dawo, in ban gani ba na san matsayina. Tsoho ya ajiye wayar, ya ƙirga da yatsa. Gobe Talata. Gata Laraba. Jibi Alhamis.'"

Ƙa'ida ya kwashe da dariya har tabaransa ya zame.

"Kun ji? Gobe, gata, jibi! Babi ashirin muna bin mutum yana gyaran inji, yana canja waya, yana zargin agogo. Ashe ba inji yake buƙata ba, ɗan aji biyu yake buƙata ya ce masa Baba, gobe, jibi, sannan gata. Yaro ya ce Laraba, shi ya tafi Alhamis. Ko sau dubu ya koma, Alhamis ɗin zai koma."

"Da gangan ne," in ji Anti Hawaye, idonta har ya kawo ruwa. "Abin tausayin ke nan. Marubucin ya sani, tsohon ne bai sani ba."

"Da na so haka ne," in ji Lauya. "Amma na bi littafin da fensir. Sau uku ya sake yi, kuma ba a bakin tsohon ba, a bakin mai ba da labarin. Wanda ya yi da gangan sau ɗaya yake yi, a inda za a gani. Wannan haka yake ƙirga kwanakinsa. Kuma har ƙarshen littafin ba a gano dalili ba, an bar shi a kan ƙaddara. Marubucin bai san abin da ya rubuta ba."

"Mutum ya rubuta littafi a kan lokaci bai iya jera kwana uku ba," in ji Ƙa'ida. "Ina masu gyara?"

"Wa ya sani? Wataƙila tsoronsa suke ji."

Likita ta ajiye kofin a hankali.

A duniya mutum ɗaya ta sani da ke sa gata kafin jibi. A gidansu har suna abin yake da shi: jibin Baba. Tun suna yara, in ya ce za a yi baƙi jibi, sai a kalli Mama, ita kuma ta ɗaga yatsa uku daga bayansa. A kotu, in ya ɗage shari'a zuwa jibi, magatakarda yakan tsaya a bakin ƙofa yana raɗa wa lauyoyi ranar da ake nufi. Babu wanda ya taɓa gyara masa. Ba a gyara wa alƙali, sai dai a ɗaukaka ƙara, kuma a gidansu babu kotun sama.

Ɗan Kaka kuwa bai san da wannan ba. A hannun kakarsu ya tashi tun yana ƙarami, bai zo gidan ba sai da ya shiga jami'a, kuma zaman da ya yi bai kai ya koyi ina ake ajiye cokali ba, balle jibin Baba. Ga shi lokacin da ya kira, Mama ba ta cika wata biyu da rasuwa ba. Babu mai ɗaga yatsa.

Ita kanta ba ta taɓa jin kalmar ba. Baba cewa ya yi, "Ya kira. Alhamis za ki kai ni tasha." Ta ce to. Shekara goma sha biyu tana cewa yaron nan ya wulaƙanta tsoho, ya sa shi wuni a benci kamar mai bara.

"Likita, lafiya?" in ji Anti Hawaye. "Ke ma ya taɓa ki ko? Na ce muku."

"Lauya, ga makulli. In kun gama ki rufe."

"Ina za ki? Ba mu ba shi maki ba."

"Ku ba shi abin da kuka ga dama."

"Ni huɗu cikin goma," Ƙa'ida ya ɗaga murya har ta kai ƙofa. "Biyu na takalmin ne!"

*

Ta tarar da ƙofar falon Baba a buɗe. Komai yana inda ya saba: littattafan shari'a masu jan bango a jere har rufi, agogon bango, kwamfutar da ta saya masa wai zai rubuta tarihin aikinsa, an lulluɓe ta da tawul kamar mara lafiya.

Baba yana zaune a kujerarsa, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, yana goge takalmi da buroshi.

"Uwata," ya ce, bai ɗago ba. Sunan mahaifiyarsa gare ta, haka yake kiranta. "Yau ba ranar 'yan gardamarku ba ce?"

"Daga can nake. Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Me kuka yanka yau?"

Ta ciro littafin daga jaka ta ɗora a kan tebur, kusa da gwangwanin man takalmi. Ya kalle shi ta saman tabarau kamar an kawo masa shaidar da ba ta da alaƙa da ƙara.

"Mene ne wannan?"

"Tarihin aikinka."

Buroshin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Wa ya shigar da ƙara?"

"Ni."

"Hujja?"

"Jakar takarda. Ruwan da na sayo. Da 'mu tafi'. Baba, wuni guda na yi ina yi maka hira a bencin nan don kada ka ji nauyin jiran. Kalma biyu ka ba ni?"

"Sauran ba su shafi shari'ar ba."

Ta zauna a hannun kujera. Ta ɗauka zai yi musu, ta shirya wa musu tun a mota. Ba ta shirya wa wannan ba.

"Kai da ka ce ƙarya ce aka yi wa bango."

"Ƙarya ce." Ya hura ƙurar da ke kan takalmin. "Ƙanenki ya bar kwali biyu na irinsu a ɗakinsa. Na ce bari in ga abin da ya fi shari'a. Na karanta ɗaya don in ƙaryata shi. Sai na ga ba a yanke hukunci da shaida ɗaya."

"Ka karanta duka."

"Wasu sau biyu. Yawancinsu ba su iya gini ba. Na ce in dai wannan ne, ni ma zan iya." Ya ajiye buroshin, ya juyo gaba ɗaya, kuma a karon farko a rayuwarta ta ga kunya da zumuɗi sun haɗu a fuskarsa. "To me suka ce?"

"Su wa?"

"Mutanen naki. Ai kun karanta. Me suka ce?"

"Baba, ba wannan ya kawo ni ba."

"Na ji. Me suka ce?"

Ta yi ajiyar zuciya.

"Malamin kimiyya ya ce batirin mota ba zai kai mutum ko'ina ba."

"Shafi na arba'in na yi bayani. Bai karanta ba, tsallake ya yi. Irinsu ne ke zuwa kotu ba su duba fayil ba. Sai wa?"

"Mai labule ta yi kuka."

"Mace mai hankali."

"Ta yi kuka a littafin kiwon kaji ma."

"Duk da haka."

"Lauya ta ce hannunka kamar hukunci. Ta ce ka kashe matar tun shafi na biyu don kada ta dame ka."

Ya kalli hoton Mama da ke saman talabijin.

"Ban iya rubuta muryarta ba," ya ce. "Na gwada. Duk abin da na sa mata a baki sai in ji ta ce ba haka zan faɗa ba."

Likita ta kusa fasawa. Ta kusa ɗaukar littafin ta ce sai da safe. Shekarunsa sun kai a bar shi da ƙaddararsa, ita ce ta fi sauƙin ɗauka. Amma ba ta ɗauki littafin ba.

"Baba, ranar da ya kira. Me ya ce? Ba abin da ka fahimta ba, abin da ya fito daga bakinsa."

"Yana cikin littafin. Ban canja ko wasali ba."

"Jibi ya ce?"

"Jibi."

"Ranar Litinin."

"Litinin da hantsi."

"Ƙirga mini."

"Uwata, jarrabawa za ki yi mini?"

"Don Allah."

Ya ɗaga hannu mai baƙin man takalmi, ya lanƙwasa yatsa ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin wanda ke yi wa mai taurin kai bayani.

"Gobe Talata. Gata Laraba. Jibi Alhamis. Muka je Alhamis. Bai zo ba."

"Jibi ne ke bin gobe, Baba. Sannan gata."

"A'a."

"Gobe, jibi, gata, citta."

"Wa ya koya miki?"

"Kowa. Duk duniya."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, irin wadda lauyoyi ke ji su fara tattara takardu.

"Shekara talatin ina ɗage shari'a zuwa jibi. Ba a taɓa samun wanda ya zo ranar da ba ita ba."

"Saboda magatakardanka yana bakin ƙofa yana fassarawa."

"Mai gyaran littafin nan ma ya so ya kawo wannan maganar. Na aika masa cewa ko waƙafi ya taɓa na janye."

"To ka gani."

"Mahaifiyarku da na zauna da ita shekara arba'in—"

"Yatsa uku take ɗaga mana daga bayanka."

Ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya nufi kantar littattafai. Baba ba ya karɓar magana daga bakin mutum in akwai littafi. Ya wuce jajayen, ya ciro ƙamus daga ƙasa, wanda bangonsa ya rabu da jikinsa. Ya buɗe. Ya bi layi da yatsa. Ya rufe, ya sake buɗewa a wani wurin, ya duba ɗaya kalmar, ko za ta ba shi gaskiya.

Agogon bango yana ta aikinsa.

Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi. Ya laluba bayansa ya zauna a kan kujerar da ba tasa ba.

"Laraba," ya ce.

"Laraba."

"Ke nan ya zo."

"Ina jin ya zo."

"Ya zauna a bencin nan. Da silifa." Ya kalli ƙamus ɗin da ke cinyarsa. "Ya ga babu kowa daga gida. Ya san matsayinsa."

"Baba..."

"Kuma dukanku kun sani. Ke, da uwarku, da magatakarda, da masinja. Mutum yana yawo da tsaga a bayan riga shekara da shekaru, kuna bin sa kuna gaishe shi."

"Wa zai gaya maka? Ranar da na ce maka an canja sunan titinmu, sati ka yi ba ka amsa gaisuwata ba."

"An canja shi ba bisa ƙa'ida ba."

"Ka ji ko."

Ya cire tabarau. Ba ta taɓa son ganinsa babu su ba, idanunsa sukan koma ƙanana, na tsoho sosai.

"Babi ashirin," ya ce. "Na zargi inji. Na zargi agogon tasha. Akwai babin da na zargi yaron, na cire. Ban bar kowa ba sai mai laifin."

"Mutane da yawa sun ce da gangan ka yi. Sun ce nan ne gwanintar littafin."

"Su ci gaba da cewa."

Ta durƙusa za ta kwashe jaridar, don ta samu abin yi da hannunta. Sai a lokacin ta kalli takalmin da kyau. Ba nasa ba ne. Baba bai taɓa sa mai igiya ba. Fatar ta tsattsage a wurin lanƙwasa, amma tana ƙyalli kamar yau aka saye ta. A gefen kujera ga sabuwar jakar takarda a ninke.

Ta ɗago. A jikin ƙofar ɗakinsa an rataye farar rigarsa, wadda ba ya sawa sai zai je wurin da yake jin nauyi, an yi mata guga har tana iya tsayuwa da kanta.

"Baba, me ya sa kake goge takalmin nan yau?"

Ya mayar da tabaransa.

"Baba."

"Da gobe da safe zan gaya miki. Ban so ki kwana kina sa rai ba, ki zo ki sake cewa mu tafi."

"Gaya mini me?"

"Ya kira."

Ta ji kamar an zare kujera daga ƙarƙashinta, alhali a ƙasa take.

"Wa?"

"Yara nawa na kora?"

"Yana raye? Yana ina? Me ya ce? Ya lafiyarsa?"

"Ɗaya bayan ɗaya. Wani ne ya ba shi littafin a wurin aikinsu. Ya ce da ya ga takalmin ya san ni ne. Ya ce, Baba, ashe ka je? Na ce na je. Ya ce ni ma na je. Na ce ba ka je ba. Ya ce na je. Muka fara." Ya murza goshi. "Sai ya ce bai kira don gardama ba. Zai biyo ta nan a hanyarsa. Zai sauka a tashar, ya zauna a bencin, har jirgin yamma. In ya ga wani daga gida, to. In bai gani ba, ba zai sake damun kowa ba."

"Ya karanta babi na tara?"

"Ya ce a na uku ya tsaya. Ya kasa wuce takalmin."

"Ba ni lambar."

"Babu lamba. A ɓoye ta zo. Na ce ya ba ni, ya ce in mun haɗu."

Ta riƙe hannun kujerar da yake kai.

"Yaushe ya kira?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiyarka ko ta mutane?"

"Alhamis, Uwata. Alhamis da yamma."

"Wace rana ya ce zai zo? Kada ka fassara mini. Me ya fito daga bakinsa?"

Baba ya buɗe baki. Ta ga kalmar ta zo har leɓensa ta tsaya. Ya sunkuya ya kalli ƙamus, ya kalli farar rigar da ya goge domin Lahadi, sannan ya ɗaga hannun nan mai baƙin mai, a hankali, kamar ba nasa ba. Ya lanƙwasa yatsa ɗaya.

"Gobe Juma'a," ya ce.

Ya lanƙwasa na biyu. Bai iya faɗa ba.

"Yau Asabar, Baba."

Su biyun suka juya ga agogon bango. Rana ta riga ta sauka daga kan labule ta koma ƙasan bango, ta yi ja.

Ta fizgi makullin mota. Ya miƙe, ƙamus ya faɗi, bai ko kalle shi ba. Ya ɗauki takalmi ɗaya, ya nemi ɗayan, ya manta da jakar, ya manta da farar rigar, ya nufi ƙofa da rigar zaman gida da silifa a ƙafarsa.

Suna kan matakala suka ji shi. Daga can nesa, ta bayan gidaje, kukan jirgin ƙasa, dogo, sau ɗaya.

Baba ya tsaya cak, takalman a ƙirjinsa. Mutumin da bai taɓa tambayar kowa komai ba sai don ya kama shi da ƙarya ya juyo ya kalli 'yarsa.

"Uwata," ya ce, "wannan mai shigowa ne, ko mai fita?"